Inna ta niƙe min bincikena

Ina shiga gida a Limawa na tarar da kakata Inna tana niƙa wani baƙin abu. Samfurin bincikena ne na jami'a, wanda na sha wahalar gasawa, na manta shi a aljihun rigar da na bari a gida.

"Inna! Wannan fa in aka sa masa lantarki maganaɗisunsa juyawa yake, in aka kawo maganaɗisu kuma lantarkinsa ya motsa!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shi ya sa yake liƙe wa cokali. Dama na ce kwallin nan ba shi da kyau."

Malamina na jira a auna shi, ni kuma na kasa zama, sai zagaye tsakar gida nake.

Jama'a, da wane baki zan gaya masa?