Akushi Mai Jan Zare

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Lalla Mbarka, matar Si Mahjub mai ɗinkin tantuna, a gidanta da ke garinmu Mhamid, a bakin hamada, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ina can cikin rairayi ina goge kwanonina aka kira ni a waya. Bayan la'asar muka kai ta makwancinta.

Lalla Mbarka, na daɗe ina juya alƙalami kafin in fara, domin ba baƙin ciki kaɗai ke cina ba. Kunya nake ji, kuma kunyarki ce. Amma bari in fara faɗin ko ke wace ce, kafin in zo kan abin da muka yi.

Shekara da shekaru muna aiki a zango ɗaya, can bayan gari inda tuddan rairayi suka fara, ke a madafa, ni a kan kwanoni. Baƙi 'yan yawon buɗe ido kan zo daga Faransa da Jamus da Kasablanka, su kwanta a kan darduma gab da faɗuwar rana, su rufe ido, ni kuma in zauna a tsakiyarsu ina buga kwanonin tagulla, ina zagaya bakinsu da sanda suna amo. Wankan sauti suke ce masa. Wasu su yi barci, wasu su yi kuka, su tashi su ce an wanke musu zuciya. A gari kuwa babu abin da kunnena bai ji ba. Abokan yarintata Salek mai lallashin Turawa suke kirana. Ke ma ba ki raga mini ba. Duk ranar da kika gan ni ina jera su sai ki tsaya ki riƙe ƙugu ki ce, "Salek, kwano har bakwai, ko ɗaya babu miya a ciki. Allah Ya shirye ka." Amma in kin gama tsokanar, ke ce mai rufe mini abinci da zafinsa har in gama. Ke ce kuma kika ce wa Galiya matata ta daina sunkuyar da kai in an tambayi sana'ar mijinta, tunda ba sata yake yi ba.

Kowa a garin nan ya san Si Mahjub ba ya cin alkama. Iyakar abin da muka sani ke nan, kuma ba mu taɓa neman ƙari ba. Mun manta yadda ya rame a da, cikinsa ba ya riƙe komai, har aka fara raɗe-raɗin sammu. Ke kika matsa aka kai shi wurin likita a birnin Warzazat, aka ce alkama da sha'ir ne ke cin hanjinsa, kuma ya bar su har abada, ko gwargwadon ƙurar gari. Wannan magana ce mai nauyi a garin da gurasa ita ce abinci, ita ce kuma cokali, inda in mutum ya tsinci gutsurenta a ƙasa sai ya sumbace shi ya ɗora a kan katanga. Mutane suka yi dariya, suka ce ya kwaso cutar Turawa a wurin ɗinka musu tantuna.

Ba ki yi musu da kowa ba. Kika koma gida kika rabar da rariyarki da muciya da tsohon akushinki, domin kin ce itace da yumɓu ba sa mantawa da abin da aka zuba musu, komai wanki. Kika sayi sabon akushi, kika huda gefensa kika ɗaura jan zare, alamar cewa alkama ba ta shiga nan. Injin niƙa na gari ma kika yafe shi, tunda alkamar kowa ta bi ta cikinsa, kika koma niƙa masara da gero da shinkafa a kan dutse da hannunki. Da bakinki kika ba ni labarin gurasarki ta farko, kina dariya, kika ce kin jefa wa kaji sun zagaye ta sun wuce. Ba ki daina ba har hannunki ya faɗa. Muna kallo Si Mahjub ya yi kumatu, ya koma tsokanar mutane a bakin shagonsa.

Wannan hannun kika kawo zango. Baƙi da yawa kan ce ba sa cin alkama, ni kuwa na san rabinsu yayi ne kawai suke bi. Na taɓa kama wani ɗan Jamus da safe yana tura gurasar alkama ta direbobin zango a baki, shi da ya sa kika yi masa girki daban. Na zo da gudu na faɗa miki, ina jiran mu yi dariya tare. Kika ce, "Ni ba likita ba ce, ɗan'uwana. Duk wanda ya ce mini ba ya ci, Mahjub nake gani." Kika ci gaba da yanka kabewarki.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wata mata ta zo daga Liyon ta Faransa, mai irin ciwon Si Mahjub, sai aka yi rashin sa'a wani ya kwaɓa ƙullun alkama a kwanon da kike keɓewa a zango. Ina zaune ina shirin aiki sai ga ki kin nufo ni, kika sunkuya kika ɗauki babban kwanona, wanda ya fi sauran zurfin murya. Na miƙe ina cewa wannan ba na girki ba ne. Kika ce, "A zangon nan kaf, shi kaɗai ne alkama ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Bari yau dai ya yi aikin kwano." Ran nan da kwano shida na yi wa baƙi wanka, babu wanda ya lura. Matar nan kuwa ta yi kuka, amma ba a kan dardumata ba. A kan gurasarki ta yi shi.

To, Lalla Mbarka, ga abin da ya faru bayan mun dawo daga maƙabarta.

Kin san al'ada: kwana uku ba a hura wuta a gidan mutuwa, maƙwabta ne ke ciyarwa. Muka tashi tsaye, kowa yana so a ga ya yi miki. Me muka iya kuwa in ba kuskus ba, wanda da tsakin alkama ake yin sa? Gida-gida aka turara shi, aka toya gurasa, aka yi ta shigowa da su. Jama'a ta yi yawa, kwanuka suka ƙare, mata suka shiga madafarki suna sauke abin da suka samu. Galiya ce ta ɗauko akushin daga kan kanta. Ta ga zaren ya tsufa ya yi baƙi, ta tsinke shi, ta wanke akushin tas don kada a ce gidanki da ƙazanta. Aka cika shi da kuskus. Ni ne na ɗauko shi da hannuna biyu na kai ɗakin maza, na ajiye a gaban mijinki.

Kwana biyu yana zaune a tsakiyarmu, ya sa hannu a gefen akushi ya janye, ya ɗauki dabino, ya kurɓi shayi. Muka ce baƙin ciki ne ya hana shi ci. Rana ta uku liman ya ji tausayinsa, ya dunƙula loma da hannunsa kamar yadda ake yi wa wanda ake girmamawa, ya miƙa masa ya ce ya ci don Allah, mai rai sai da abinci. Ina gefensa, gwiwata tana taɓa tasa. A lokacin ne idona ya faɗa kan hudar da ke gefen akushin, na gane shi. A ɗakin nan babu wanda ya san abin da lomar nan za ta yi kamar ni. Amma liman ne, ga dattawa, ga hannu a miƙe, sai na kawar da kai, ban hana ba. Si Mahjub ya dubi akushin, ya dube ni, ya karɓa ya ci. Ba zai mayar da hannun liman ba, ba zai kuma kunyata maƙwabtan da suka ciyar da baƙinsa ba.

Washegari bai iya fitowa ba. Na same shi kwance a kan tabarma, ya dunƙule yana riƙe da ciki, Hasna 'yarku da ta zo daga birnin Agadir tana masa fifita. Ta fita tun tana ƙarama zuwa makaranta, ba ta koyi girkinki ba, kuma dole ta koma wurin 'ya'yanta. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ciwon zai wuce, ya san shi. Sannan ya ce a hankali, "Akushin ne, Salek. Shi kaɗai ta bar mini da zan iya ci a ciki."

Shekaru kina tsare abu guda, mu da muke cewa muna ƙaunarki muka ɓata shi cikin kwana uku, kuma da sunan karrama ki. Na fito daga gidan ban iya haɗa ido da kowa ba. Galiya da ta ji, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Da ya fara samun sauƙi na tafi zango na ɗauko babban kwanon. Dutsen niƙanki na nan, shi dai babu wanda ya taɓa. Galiya ta niƙa masara da shinkafa har tafin hannunta ya yi kanta, ni na kwaɓa, muna ta gardama a kan yawan ruwa, domin babu ɗayanmu da ya taɓa tsayawa ya kalli yadda kike yi. Gurasar ta fito a farfashe, gefe ya ƙone, tsakiya ɗanye. Muka kai masa muna jin kunya kamar yara. Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Ta fi tata ta farko. Tata sai da guduma." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka, amma ya cinye.

Galiya ta ce kullum za ta riƙa yi har ta iya. Ni kuwa na sanar a zango cewa daga yanzu da kwano shida zan riƙa aiki. Na bakwai yana madafarki. Ba shi da huda, don haka a wuyansa na zagaya sabon jan zare na ƙulle.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Si Mahjub, da Hasna da 'ya'yanta, da 'yan'uwanki na Tagunit, da duk wanda ya taɓa cin abincin hannunki hankalinsa kwance. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba Si Mahjub lafiya, Ya sa mu zama maƙwabtan da ya kamata mu zama tun farko.

Ke kuma, Lalla Mbarka, Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi. Yadda kika tsare kwanon bawanSa, Allah Ya tsare ki daga azaba, Ya ciyar da ke a Aljanna abincin da ba ya cutar da kowa. Mu kuma Allah Ya yafe mana abin da muka zuba a akushinki. Amin.