Fitilar Da Na Haska Wa Taubashina

Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi mai ji da kai, ina tuƙa tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, ta wani ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, zamanin Faransa na mulki. Direbobin garin ba mu cika yatsun hannu ba, saboda haka in na sauko daga mota har wani taku nake yi, kamar ni na ƙera ta.

Sai ga taubashina, ɗan ƙanen uwata, wanda na riga shi samun parmi, wato lasin tuƙi, da shekara biyu, an ɗauke shi tuƙin sabuwar motar kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Motar tana da ƙananan fitilu biyu a ƙasa, na ratsa hazo, mutane suka sa mata suna mai ido huɗu. Inda duk ya tsaya sai a kewaye shi, ni kuwa ko sannu. Ya kan tsokane ni cewa tawa makauniya ce, in zo ya ja mini gora. Wasan taubasai ne, na kan yi dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai. Hassada ce zalla, yau ba na ɓoye ta.

Na je wurin wani makanike na sayi wata ƙatuwar farar fitila, na ɗaura a saman kamiyo. Ya gaya mini doka ba ta yarda da ita ba, kuma a cikin hazo makanta mutane take yi. Na ce ya ji da gyaransa.

Wata asuba da damina, bayan ruwa ya ɗauke, hazo ya kwanta a kwarin da ke kusa da Dumega. Na hango ido huɗu na tahowa, na san ko wane ne. Ƙa'idarmu ita ce in motoci biyu suka haɗu, kowa ya rage fitila. Shi ya rage, ya ƙyafta mini sau biyu yana roƙo. Ni kuwa sai na kunna ta saman, na dasa masa ita a fuska, wai yau ya san wace ce makauniya. Na ga motarsa ta kauce, na ji ƙarar faɗawarta cikin rami. Ban tsaya ba. Tsoro ya sa na taka mai har Tibiri.

Shi kaɗai ne a ciki. Fulani masu kiwo suka ciro shi, hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Jandarma suka tambaye shi wace mota ce, ya ce bai gane ba. Aka ce gyangyaɗi ya yi, aka kore shi daga aiki.

Sai da na yi kwana tara kafin na iya zuwa dubiya. Da mutane suka fita, ya tambaye ni a hankali ko na cire fitilar, don kada ta kashe ɗan wani. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, har ya koma ga Allah. Shekara talatin yana noman hatsi da shanyayyen hannu, ina wucewa da mota ta bakin gonarsa yana ɗaga mini na hagu.

Abin da na koya shi ne, fitila an yi ta don ka ga hanya, ba don a gan ka ba. Direbobin yau, in kun haɗu da ɗan'uwa ku rage masa haske, ta hazo kuma ku bar ta sai da hazo. Ni da ya kai ni ƙara aka ɗaure ni, da tuni na gama zaman kasona. Rufin asirin da ya yi mini ne har yau ban fita daga cikinsa ba.