Ranar da Na Bi Bayan Nasiru

Park Hill

Tun kafin asuba idona biyu. Na yi salla, na haɗa shayi na kasa sha, na tsaya ina kallon Nasiru yana ɗaure igiyar takalminsa a tsanake kamar ba shi ne zai tsallaka ruwa ba. 'Yan'uwa na gida da kuke ta tambayata labarinsa, yau ga shi. Tafiyar ran nan ta fi mini tasowata daga Kano zuwa New York nisa.

Nasiru shi ne na ukuna. Kun tuna ya shekara uku bai ce Umma ba, in an kira shi ba ya waiwaye. Kuka ce a dage da addu'a, mun dage, har gobe muna yi. A nan kuma aka ce mu kai shi a duba shi. Malamar magana da wata likita suka zauna da shi, suka yi mana tambayoyi har na gaji, daga ƙarshe suka ce yana da otizim, lalurar da ke wahalar da magana da cuɗanya da mutane, kuma ya cancanci taimako na musamman a makaranta. Na sha kuka, don na ɗauka ajin masu taɓin hankali za a jefa mini ɗa. Da na leƙa makarantar sai na tarar da 'ya'yan mutane iri-iri: mai in'ina, mai wahalar haɗa baƙi, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, mai ƙarancin ji. Tun daga lokacin kullum motar makaranta mai ruwan ɗorawa take tsayawa a ƙofar gidanmu ta ɗauke shi, ta dawo mini da shi.

To, wannan gatan yana da iyaka. Shekarar da yaro ya cika ashirin da ɗaya, makaranta ta sallame shi ke nan, mota ma ta daina zuwa. Sallamar Nasiru watan Yuni ce. Alhaji Mamman, wani mutumin Maraɗi mai shagon jakunkuna da huluna kusa da Canal Street, ya ce a ba shi shi ya riƙa jera masa kaya. Amma wa zai kai shi? Babansa tasi yake ja, da rana barci yake. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. In bai iya kai kansa ba, sai dai in kulle shi a ɗaki shi da talabijin, saurayi guda.

Makaranta ta haɗa shi da Malama Rosa, wadda aikinta ke nan koya wa irinsu hanya. Ta yi makonni tana fita da shi, daga baya ta koma binsa a ɓoye. Ta ce ya iya. Na ce ban yarda ba.

"Ki bi shi sau ɗaya ki gani," in ji ta. "Amma a bayansa, kuma bakinki a rufe."

Ku da kuka san ni, kun san wanne ya fi wuya a cikin biyun.

Muka fito gari bai gama wayewa ba, sanyin Maris yana shiga har ƙashi. Ya tsaya a inda ake jiran bas, bas ɗin farko ya zo bai ko motsa ba. Har na buɗe baki sai na ga lambar, ashe ba namu ba ne. Na biyun ya shiga, ya zura katinsa, ya ce wa direba gud monin, ya zauna kusa da taga. Ni na wuce can baya ina ta jan carbi.

Tashar jirgin ruwa

Wanda bai taɓa zuwa ba, zaure ne makeke mai ƙofofin gilas. Jama'a su taru, a buɗe, a yi ɗuu a shiga, a rufe. Jirgin kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Nasiru ya ciro abin toshe kunnensa ya sa, don ba ya son ƙarar hon ɗin jirgin, ya tsaya a gefen dama inda aka koya masa.

Ina tsaye a bayansa sai na ji an dafa ni. Hajiya Lantana ce, 'yar zangon Kumasi, a Bronx take zaune, ta sauko daga jirgi za ta wajen tsohuwar da take kula da ita. Mahaifiyarta ta rasu a gida kwanan baya, ni kuma ban samu na je mata ba. Ku gaya mini, ta yaya zan wuce ta? Na riƙe hannunta.

"Hajiya, ashe Inna lokaci ya yi. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiyar Allah, Maman Nasiru."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Ta fara ba ni labarin jinyar, da yadda ba ta samu ganin gawar ba, hawaye suka zubo mata. Muka ɗaga hannu muka yi fatiha. Ina shafawa na juya, zauren fayau, ƙofofin gilas a rufe. Ta cikin gilas na hango jirgin yana ja da baya, da ɗana a ciki.

Na buga ƙofar da tafin hannu. Wani ma'aikaci ya ce, "Madam, sai na gaba." Na ce masa ɗana yana ciki. Ya ce shekararsa nawa? Na ce ashirin da ɗaya. Ya dube ni, na dube shi, na rasa ta inda zan fara yi masa bayani.

Na kira wayar Nasiru, ba a ɗauka ba. Dama an koya masa ba a fito da waya ana cikin tafiya, ga kuma kunne a toshe. Na kira Malama Rosa.

"Ya san hanyarsa," ta ce. "Ke kin san taki?"

Haushi ya kama ni, na kashe wayar. Amma gaskiyarta, rabona da Canal Street tun ina goyon ƙanwarsa.

Kan ruwa

Jirgi na gaba ya zo na shiga. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba. 'Yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton mutum-mutumin nan mai riƙe da fitila, ni kuwa ina zaune ina lissafa abin da zai iya faruwa. In ya waiwaya bai gan ni ba fa? In wani ya bangaje shi ya fara kaɗa hannu yana gunji, ɗan sanda ya ɗauka wani abu ne? Baƙin saurayi dogo wanda ba ya amsa tambaya, wannan shi ne tsoron da ya hana ni barci shekara da shekaru. Na faɗa wa Allah komai a kan ruwan nan, har da abin da ban taɓa faɗa wa babansa ba.

Jirgin ƙasa

Da muka sauka na duba kowane benci, babu shi. Na gangara ƙarƙashin ƙasa, waya ta ɗauke. Jirgi na tsayawa na faɗa ciki ban duba ba. Sai da muka yi tafiya mai tsawo babu tsayawa na tambayi wata mata, ta ce ai wannan Brooklyn ya nufa. Ni da na fito gadin wani. Na sauka, na tsallaka ɗaya gefen, na tambayi mutum uku kafin na yarda na sake shiga.

Canal Street

Na fito cikin hayaniya, masu agogo da masu tabarau suna ta shimfiɗa kaya a bakin titi. Wani yaro ɗan Nijar ya ji ina salati da Hausa, ya nuna mini lungun Alhaji Mamman. Na isa mayafina a karkace, numfashi sama-sama.

Yana ciki. Ya cire rigar sanyinsa ya rataye, yana jera huluna, baƙaƙe gefe guda, jajaye gefe guda. Alhaji yana zaune da kofin shayi.

"Hajiya, lafiya? Tun ɗazu mutumina ya iso. Ya yi sallama, ya ce mini Umma ta tsaya gaisuwa, ya kama aikinsa."

Ashe ya gan ni. Ya waiwaya, ya ga na tsaya, ya ga ƙofa za ta rufe, ya yi abin da aka koya masa. Na duba wayata, ga saƙonsa ya shigo tun ina ƙarƙashin ƙasa, cewa ya isa.

Nasiru yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, shi ma a taƙaice. Ya ɗago, ya kalli gefen kafaɗata kamar yadda ya saba, ya ce da Hausa:

"Umma, kin ɓata?"

Na zauna a kan wani kwali na yi kuka mai isata. Alhaji ya miƙo mini shayi da burodi, ya juya baya yana gyaran jakunkunan da ba su buƙatar gyara.

Komawa

Bayan azahar muka kamo hanya, shi a gaba ni a baya, wannan karon ba don an ce in yi ba. Ya kai mu gefen da ya dace, ya ƙirga tashoshinsa da yatsa, muka fito daidai bakin ruwa. Zauren ya cika, aka fara matsawa wajen ƙofa. Sai na ji an kama bakin mayafina. Yaron da tun yana ƙarami ba ya son a taɓa shi, ba ya taɓa kowa.

"Ba gaisuwa," ya ce. "Sai an shiga."

Bai saki ba har muka zauna.

Mun iso gida kafin la'asar ta yi sanyi. Na kira Malama Rosa na ba ta haƙurin kashe mata waya, na ce na yarda. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana. Na gode wa matar nan da ta yi ta bin ɗana cikin sanyi, da malaman da suka zauna da shi tun ba ya cewa uffan, da direbobin motar makaranta da ban ma san sunan wasunsu ba, da Alhaji Mamman. Har Hajiya Lantana na gode mata, don ba don ita ba da ina nan manne da bayansa, ban ga komai ba. Ku kuma na gida, ku ci gaba da addu'ar da kuka saba. Yuni na zuwa, motar za ta daina tsayawa a ƙofarmu, kuma na daina jin faɗuwar gaba in na tuna.