Saura Mutum Ɗaya Mai Ce wa Hai "Kon"

Shekara talatin da 'yan kai Hai suna fito a mashigin garinmu, ƙasa kaɗan da kasuwar Tra On, kuma har yau ban ga baƙon da ya shiga kwale-kwalensu bakinsa bai harɗe ba. Sai ya dubi askin kai, ya dubi faɗin kafaɗa, ya ji murya, ya buɗe baki zai ce "Kawu" ya fasa, zai ce "Gwaggo" ya haɗiye. Hai kuwa ko a jikinsu. Sai su ce, "Hai kawai. Zauna a tsakiya kada ka kifar da mu."

Kun ji ina ta cewa "su". Haka zan ci gaba, wanda bai so ba ya toshe kunnensa. Mutum ɗaya nake nufi. Cikinmu ɗaya, su ne uwarmu, Ma, ta fara haifa, shi ya sa ake ce musu Hai, kamar kowane ɗan fari a yankinmu. Ni ce ta uku, Tu mai kifi, wadda kasuwa duk ta san bakinta.

Lua aka rubuta musu a takardar haihuwa, sunan mace. Suna shekara goma sha bakwai suka ɗauki almakashin da Baba ke gyaran komar kamun kifi da shi, suka datse gashin nan da ya kai musu har gadon baya. Ina tsaye da tsintsiya Ma ta fito daga madafa.

"Namiji kike so ki zama?"

"A'a, Ma."

"To mace?"

"A'a."

"To mene ne, don ubanki?"

"Hai."

Marin da ya biyo baya, har kajin gidan sai da suka watse. Wata uku Ma ba ta ce musu ci kanku ba. Rannan da rana tsaka ta leƙo ta taga ta ce, "Kon, zo ci abinci, ya huce." Shi ke nan. Ba ta sake tayar da zancen ba, su ma ba su tayar ba.

Kon shi ne abin da uwa ke kiran abin da ta haifa, kuma duk wanda ya yi sa'ar iyayenka yana iya kiranka da shi. Ba ruwansa da mace, ba ruwansa da namiji. Amma daga sama yake saukowa. Na ƙasa da kai ba shi da wannan hutu, dole ya zaɓa: ko wa ko ya, ko Kawu ko Gwaggo. Da ƙuruciya Hai ba su ji nauyin abin sosai ba, don rabin masu shiga kwale-kwale sun haife su. Masu tsokana dai ba su taɓa ƙarewa ba. Wani mai sayar da agwagi ya taɓa cewa a gabana, "Tu, yayan nan naki, aure za a kai ko aure za a kawo?" Na juye masa ruwan wankin kifi tun daga kai har ƙafa. Hai suka yi mini faɗa wai na yi asarar ruwa.

Sai da furfura ta fara fito musu, wata rana muna wanke kwanduna a bakin ruwa, suka ce, "Ke Tu, kin san abin da tsufa ke yi mini? Masu ce mini kon ƙarewa suke yi." Suka shiga lissafi da yatsu. Baba ya tafi. Kaka ta tafi. Tsohon da ke toshe musu kwale-kwale da ƙaro ya tafi. Gwaggo Bay mai wainar shinkafa ta tafi a damina. Yatsa ɗaya ya rage a tsaye.

Na ce, "Haba, Ma ai sai ta binne mu duka." Muka yi dariya, amma tasu ba ta kai ciki ba.

Shekara biyu bayan nan Ma ta fara zuba gishiri a shayi. Ta fara ajiye wa Baba abinci, tana mitar ya daɗe a gona, alhali hotonsa na kan teburin kakanni ita da kanta take kunna masa turare. Ta manta jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ni kam takan tuna ni jefi-jefi, wai ba a manta mai surutu. Hai ne suka ɓace mata ƙaf, su da suka bar ɗakinsu na bakin mashigi suka dawo gidan don ita.

Da safe su dama mata kunun shinkafa da kifi, su hura, su ba ta a baki. Ta karɓa da ladabi ta ce, "Na gode, Kawu. Wa ya aiko ka?" Da yamma suna taje mata kai ta ce, "Gwaggo, hannunki da laushi. 'Yar wane gida ce ke?" Wato abin da Hai suka sha a bakin baƙi shekara da shekaru, ga shi yanzu a bakin uwarsu, safe da yamma. Ni abin har kuka yake sa ni, in fita bayan gida in yi abina in dawo.

Ba irin dabarar da ba su gwada ba. Suka riƙa zama a kan dokin ƙofa inda suke zama tun suna ƙanana. Rannan suka shigo ɗaki da gangan da ƙafafu duk taɓo, don a da in suka yi haka, har maƙwabta sai sun ji Ma: "Kon! Ƙafafun nan!" Suka tsaya tsakiyar ɗaki suna jira, taɓo na ɗiga. Ma ta dubi ƙasa, ta dube su, ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, Kawu, za a goge."

A nan ne na yi wautar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce, "Hai, ku sa rigata mai furanni, ku ɗaura ɗankwali ku rufe askin nan. Yini ɗaya tak. Wataƙila Lua take nema." Suka dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Na ɗauka zagi zan sha. Washegari na zo na tarar da su cikin rigar, ta matse su a kafaɗa, suna tsaye a gaban Ma kamar wanda aka kawo wurin hukunci. Shekara arba'in ba wanda ya isa ya sa su haka, sai ga shi sun sa da hannunsu don kalma ɗaya.

Ma ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo. Daga nesa?"

Suka cire, suka ninke, suka miƙo mini. Ban sake sa rigar nan ba.

Ana nan, wata ranar kasuwa da rana tsaka maƙwabciya ta zo mini a guje, wai Ma ba ta gida. Na bar kifi a buɗe na bi hanya ina ihu. A mashigi na same ta, ba takalmi, ta rungume kwano da aka ɗaure da tsumma. Daidai lokacin Hai suka iso da kwale-kwale daga tsallake. Ban kai gare ta ba ta riga ta yi magana.

"Mai fito, ba a ga kon ɗina ba? Tun safe aka fita, ba a sa komai a ciki ba."

Hai suka ajiye sandar tuƙi. Na ɗauka za su ce ga ni, kamar yadda suka faɗa sau ɗari ba ta ji ba. Sai suka ɗaure igiya a hankali, suka ce, "Mace ko namiji, Iya? Don in san wanda zan nema."

Tun ranar mari ba su san inda Ma ta ajiye su a ranta ba, kuma ba su taɓa samun bakin tambaya ba.

Ma ta ja tsaki. "Ji wata tambaya! Hai nake nema. Duk kogin nan wa bai san Hai ba? Kai a aske, taurin kai kamar na uban. Ni na haifi abina." Ta tura musu kwanon a ƙirji. "Ungo. In an gani a ba kon, a ce Ma ta ce a ci tun da zafi."

Hai suka karɓa da hannu biyu. Suka ce, "Za a ba, Iya." Na kama hannun Ma muka juya. Da na waiwaya, sun kwance igiya sun tura kwale-kwale tsakiyar ruwa, ba fasinja ko ɗaya, mutane na ta kira daga gaɓa. Suka zauna suka ba mu baya suka buɗe kwanon. Shinkafa ce ɗanya, ta manta ba ta dafa ba. Daga baya suka ce mini sun ci loma uku.

Ma ta rasu kafin ruwan kogi ya janye a shekarar. Har ta tafi ba ta dubi fuskarsu ta faɗi kalmar ba.

Yanzu ni ke kai musu abincin rana a mashigi, a kwanon nan dai, don sun hana a canza. Kwanan baya na hango su zaune su kaɗai a bakin kwale-kwale, kai fari fat, yara 'yan makaranta na wucewa, wannan ya ce Kawu, waccan ta ce Gwaggo. Tausayi ya kama ni. Na daidaita murya yadda Ma ke yi na ce, "Kon, zo ci abinci."

Suka juyo da sauri, har kwale-kwalen ya tangaɗa. Da suka ga ni ce, suka gyara zama. Sannan suka miƙo hannu suka karɓi kwanon.

"Na gode, Tu. Amma kada ki sake. Kiran nan ba naki ba ne."