Ranar da Iƙamata Ta Faɗa Bahar Maliya

Wahala ce kawai. Duk wanda ya ce maka yawon teku hutu ne, ko dai bai taɓa zuwa ba, ko kuma ɗan ƙasa ne da ba ya yawo da takarda a aljihu. Ni sau ɗaya na je, kuma ya ishe ni.

Lokacin ina tuƙa motar wani ɗakin ajiyar dabino a Madina. In ɗauko kaya daga gonakin Badar, in sauke a kasuwa, in koma. Mai wurin shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, wani tsohon Balarabe marar yawan magana. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, ɗan littafi ce, ba ta wuce tafin hannu ba, da hotona da hatimi a ciki. Wanda bai yi zaman Saudiyya ba ba zai gane ba. In ba ta jikinka, kai ba kowa ba ne. Askari, wato ɗan sandansu, ya tsayar da kai ka ce ka manta ta a gida, sai mota, sai ɗakin tsaro, in kafilinka bai zo da wuri ba sai jirgi ya sauke ka a Kano da silifas ɗin da ke ƙafarka. Mata da 'ya'ya biyar ne a gida suke ci daga wannan ɗan littafin. Ko wanka zan shiga, sai na rataye rigar inda idona zai riƙa ganin aljihun.

Wanda ya jawo min abin wani likita ne ɗan unguwarmu a Kano, yana aiki a wani asibiti a nan Madina. Na san shi tun yana yawo ba wando, shi ya sa duk da karatunsa Yaya yake ce min. Ya zo ɗakinmu ya ce abokan aikinsa sun ɗauki hayar jirgin ruwa a Yanbu, bakin Bahar Maliya, ranar Juma'a, za a kai su wani tsibiri a yini a dawo, kuma akwai sauran wurin mutum biyu.

"Yaya, shekara nawa kana ƙasar nan, daga dabino sai dabino. Zo ka ga ikon Allah."

Na ce masa ikon Allah a nan ma ina ganinsa.

Da maganar ta mutu a nan. To amma akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, wani Badamagare mai gadin gini a unguwar Jurf. Kowa ya san mu Kanawa da Damagarawa ba ma raga wa juna. Yana kwance yana saurare, sai ya ɗaga kai.

"Likita, ƙyale shi. Bakano da teku? Ai ko kududdufi za su haye sai an riƙe musu hannu. Ni ka tafi da ni."

Na ce, "Kai da a garinku sai an yi tafiyar yini kafin a ga rijiya? Likita, rubuta sunana."

Haka na bar sallar Juma'a a masallacin Annabi saboda bakin Badamagare.

Muna idar da Asuba muka shiga motar Likita. A Bi'ir Ali muka wuce manyan motocin masu umara, mutane farare fat cikin harami suna shirin zuwa ɗakin Allah, mu kuma mun nufi kallon kifi. Na kawar da kai. Gaban Badar akwai shingen askarawa, muka miƙa iƙamominmu, aka duba aka miƙo mana, muka wuce.

Jirgin ma ba jirgi ba ne. Kamar kwale-kwale biyu dogaye aka jera, aka shimfiɗa musu daɓe a tsakani, aka kafa dogon sanda da farin ƙyalle. Daga gaba babu ma daɓen, raga ce kawai aka ɗaure, kana zaune kana hango ruwa yana gudu ƙarƙashin mazaunanka. Na tambayi Likita ina sauran jirgin. Ya ce haka aka ƙera shi, wai don kada ya kife. Mu kusan ashirin ne a ciki, Masarawa da Indiyawa da Sudanawa da 'yan Filifin, duk ma'aikatan asibiti in ban da ni da Badamagare. Matuƙin wani ƙaton Bamasare ne mai gashin baki, Rayyis suke ce masa. Aka ɗaura wa kowa wata riga ruwan lemo mai kumburi. Ta Badamagare ta yi masa yawa, kansa ya nutse a ciki kamar kunkuru. Wannan ce dariyar ƙarshe da na yi ranar.

Muna fita daga bakin gaɓa abin ya fara. Jirgin ya hau, ya sauka, ya hau, ya sauka.  Wannan duk na jure. Abin da ban jure ba shi ne ruwan da yake fantsamowa ta ragar nan, yana jiƙa min gaban jallabiya daidai aljihun da iƙamata take. Na dafe wurin da hannu, ruwa ya bi ta tsakanin yatsuna.

Ashe Badamagare tun kafin mu shiga jirgi ya naɗe tasa cikin leda uku ya cusa a ƙugun wando. Bai gaya min ba, la'ananne.

Sai na tuna yadda ake yi a gida. Da damina in rafi ya kawo, dattawan ƙauyenmu in za su haye, takardar haraji da goro da 'yan kuɗinsu duk cikin hula suke sawa su kifa a ka. Ruwa ya kai wuya ma, kaya na nan a bushe. Ban taɓa ganin dabarar ta ci amanar kowa ba. Na cire hulata, kube ce mai tauri, na kwantar da iƙama a ciki, na kifa na danna. Hankalina ya kwanta. Har na fara kallon ruwan, shuɗi ne ƙwarai, kamar an zuba masa baba.

Abin da ban lissafa ba, rafin ƙauyenmu ba shi da iska.

Rayyis ya yi wata tsawa, yaransa suka ja igiya, ƙyallen nan ya juya ya cika. Jirgin ya zabura. Sai kawai na ji sanyi a tsakar kaina. Na waiwaya, ga hulata can a sama tana juyi, ta sauka a kan ruwa nesa da mu.

"Hulata! Hulata!"

Jirgi ya ɗauki dariya. Wani Basudane har da tafi. Likita ya gaya wa Rayyis da Larabci, Rayyis ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ba ya juya jirgi saboda hula. Badamagare yana riƙe da ciki.

"Bar ta, Bakano, ta gaji da kanka ne. In mun koma zan ara maka rawanina."

 Ni kuwa Larabcin ya gudu, Hausar ma ta gudu. Da ƙyar na kwarma ihu.

"Iƙama! Iƙama tana ciki!"

Wallahi ban taɓa ganin dariya ta mutu da sauri haka ba. Mutum ashirin, yare biyar, kowa hannunsa ya tafi aljihunsa ya shafa. Shi kansa Rayyis sai da ya taɓa ƙirjinsa, don shi ma baƙo ne kamar mu. Nan take ya murza sitiyari. Aka saki ƙyalle, aka tayar da inji. Likitoci da masu ba da magani suka jeru a gefen jirgi suna nuni da yatsa, kowa yana ihu da yarensu.

Muka same ta. Ikon Allah, hular ta faɗa ne a rigingine, tana tafiya abinta kamar ƙoƙo, ga iƙamata kwance a ciki, a bushe. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi. Rayyis ya ce kowa ya tsaya, zai matso a hankali yaronsa ya sa hannu ya ɗauko.

Sai ga Badamagare da wani dogon sanda mai ƙugiya, ban san inda ya samo shi ba.

"Matsa, Yayan Likita, yau Damagaram za ta ceci Kano."

Na ce kada ka taɓa. Likita ya ce kada ka taɓa. Rayyis ya faɗa da Larabci. Ya miƙa sandan, ya saƙalo bakin hular, ya ɗaga. Hula ta taso. Iƙama ta zame ta shige ruwa, ina kallonta tana lilo tana yin ƙasa kamar ganye.

Ban san lokacin da na ɗora ƙafa a kan ƙarfen gefe ba. Likita ne ya riƙe min riga ta baya, yana cewa Yaya ba ka iya iyo ba. Wani siririn ɗan Filifin, ma'aikacin jinya, shi ya faɗa ruwa da tufafinsa. Ya ɓace. Na karanta duk abin da na haddace. Can ya ɓullo da ɗan littafin a tsakanin haƙoransa. Jirgi ya ɗauki kabbara, har waɗanda ba Musulmi ba.

Badamagare ya miƙo min hula tana ɗiga. Ban karɓa ba.

Tsibirin, in ka tambaye ni yadda yake, sai dai in gaya maka abin da aka gaya min. Wai rairayinsa fari ne kamar gari, wai akwai kifaye ja da rawaya da kore, mutum ya sa wani tabarau ya kifa fuska a ruwa yana kallonsu. Ni dutse ɗaya na sani a tsibirin nan, baƙi mai faɗi, a kansa na yini. Littafin ya kumbura ya yi biyun kaurinsa. Likita ya durƙusa da ɗan hantsakinsa na asibiti yana raba shafukan ɗaya bayan ɗaya, yana saka auduga a tsakani, fuskarsa kamar mai fiɗa. Na danne kowane shafi da ƙwallon dabino don kada iska ta sake yi min. Hatimin ya narke ya zama shuɗin tabo. Sunana ya rage rabi. Da rana ta buga sai hoton ya lanƙwashe ya ɓalle gaba ɗaya.

Likita ya ce kada a manna shi da komai, a bar shi haka, in aka ga alamar gam za a ce jabu ce. Ya tafi alwala. Badamagare ya matso da farantin shinkafa da gasasshen kifi, ya zauna nesa kaɗan, inda hannuna ba zai kai ba.

"Ka ci abinci."

Na ci gaba da danne shafukana.

"To in ba za ka ci ba, ka ɗauki ƙwaya biyu ka murje ka liƙa hoton. Shinkafa ba gam ba ce. Da tuwo muke liƙe littafi a makarantar boko."

Na ce masa dabararsa ta ƙarshe ita ta kawo mu nan. Amma na duba littafin, iƙama ba hoto, kamar mutum ba kai. Na ɗauki shinkafar na murje. Ta kama kuwa. Sai dai da man kifi a jikinta, ya ratsa ta bayan hoton ya fito min a goshi.

Muka yi Azahar da La'asar a haɗe a kan rairayi. A sujada ban roƙi komai ba sai Allah ya sa askarawan Badar sun tashi.

Ba su tashi ba. Rana tana shirin faɗuwa muka iso shingen. Wani matashin askari ya karɓi ta Likita, ya miƙa masa. Ya karɓi ta Badamagare bayan ya gama kwance ledojinsa, ya miƙa masa. Ya karɓi tawa. Ya juya ta. Ya buɗe, shafukan suna ƙara kamar busasshen ganyen masara. Ya kai ta hanci. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton.

"Wannan wane ne?"

Na ce ni ne.

"Sauko."

Na sauko. Likita ya fito yana zuba Larabcin asibiti, askarin ya ɗaga masa hannu. Ya kira babbansu, wani mai furfura a gemu. Shi ma ya shinshina. Ya lakato wani farin abu a gefen shafi ya murza a yatsa, gishiri ne. Ya ce min, teku? Na ce teku. Ya ce ta yaya? Na gaya masa gaskiya da guntun Larabcina, ina nuna kaina, ina nuna sama, ina kwatanta sanda. Da na zo wurin sandan na nuna Badamagare ta taga, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar ba ya jin yaren kowa.

Dattijon bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ce wannan ba iƙama ba ce kuma, abincin kyanwa ce. Ya ce yau ya bar ni don lambar tana karantuwa, gobe in kai wa kafilina a canza, in ya sake ganina da ita a hanyar nan, ni da Madina sai dai labari. Ya miƙo min da yatsa biyu.

Muna barin shingen Badamagare ya ce kifin dai ya yi daɗi.

Washegari tun kafin a buɗe ɗakin ajiya ina zaune a bakin ƙofa. Kafilina ya iso, na gaishe shi, na ajiye masa ita a kan tebur. Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko albashin ne ba ya isata na koma kamun kifi. Ya jefa ta a aljihun tebur, ya rubuta min wata takarda ya buga hatimi in riƙe kafin sabuwa ta fito, ya ce in je in ɗauko hoto yanzu-yanzu. Na taka zuwa shagon wani mai hoto Ba'indiye a bayan kasuwa. Ya zaunar da ni, ya ce in daina motsi. Na ce ba ni nake motsi ba, shagonsa ne yake hawa yana sauka. Na kama kujerar da hannu biyu na riƙe gam, na ce ya ɗauka haka.