Ranar da Na Buɗe wa Motar Baba Ƙofa

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina aiki a Makka, wasu har sun fice mini daga kai, amma wannan ɗin kam ba na jin zai bar raina har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

A lokacin ni mai gadi ne a wani babban wurin sayar da motoci da gyara su, wakilin wani kamfanin ƙera mota na ƙasar waje. Wanda ya samo mini aikin wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, ɗan gidan Hausawan nan da suka biyo ta Sudan suka zauna a unguwar Rusaifa tun kafin a haife ni. Shi ke riƙe da ɗakin kayan gyara. A masallaci muka haɗu, ba dangin iya ba na baba, amma ya kama hannuna har gaban mudir, wato shugaban wurin, ya ce, "Wannan ɗana ne." Shi ya yi ta zirga-zirga har iƙamata, wato takardar izinin zama, ta dawo ƙarƙashin kamfanin.

Baba yana da wata tsohuwar mota fara, ƙirar wani kamfani daban. Kai, mota ce mai tari! Tun daga kan kwana nake gane ta, sai in ɗaga sandar ƙofa ina tsokanarsa, "Baba, yau ma amaryar ta yarda ta tashi?" Shi kuma ya ce, "Ta fi ka lafiya, ja'iri." Kowace Alhamis, in zai dawo aikin la'asar, yakan zo da jarka biyu na Zamzam ya ajiye wa makanikai, sadaka ga matarsa da ta rasu. A motar nan ya yi shekaru yana kai ta asibiti, kuma matashin da take jingina da shi yana nan a kujerar gaba.

Sai ga takarda daga babban ofis. Daga yanzu motoci ƙirar kamfaninmu kaɗai za su shiga ciki, ƙarƙashin rumfa. Duk ma'aikacin da ke tuƙa wata ƙira daban sai ya ajiye a wani fili can ƙasan tudu, ya tako da ƙafa. An ce wai bai dace mai saye ya shigo ya tarar da motocin abokan gasa a harabar ba. Aka haɗa da rangwame ga wanda zai canza, mutane suka yi ta canzawa. Da aka yi wa Baba maganar sai ya yi murmushi kawai, ya ce tasa ta ishe shi. Ni kuwa aka kawo mini takardar ɗakin gadi, aka ce duk baƙuwar motar da aka gani a ciki, a wuyana take.

Sai safiyar farko ta zo. Da wane baki zan ce wa mutumin nan ya koma? Na ji tarin motar daga kwana, na miƙe. Ko juyowa wajen ƙofa bai yi ba. Ya ɗaga mini hannu, ya wuce, ya gangara filin. Na ji sanyi a raina, kuma wannan jin sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa yau.

Wanda bai san ranar Makka ba ba zai gane tudun nan ba. Kwalta tana huci kamar tanda, ga Baba da ciwon suga da hawan jini, ga gwiwa. Sau biyu a rana yake hawa. Ni kuma, maimakon in tare shi, sai na fara ɓuya. In na hango farar hularsa, sai in shige ɗakin gadi in yi kamar ina duba takardu, don na ɗauka fushi yake da ni. Sau nawa na ce gobe zan shiga wurin mudir in roƙa masa? Gobe ta yi, sai in tuna iyalina a gida da iƙamar da ba ta daɗe ba, in ja bakina in yi shiru.

Wata Alhamis cikin tsananin zafi, na hango shi yana hawowa, jarka ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu. Na ce bari ya ƙaraso kusa in fita in karɓa. Ya tsaya, ya sauke ta hannun, ya ɗan yi tangaɗi. Jarkar kafaɗar na fara gani tana gangarawa. Da na isa yana kwance, bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. Ina ta "Baba! Baba! Innalillahi!" ina yayyafa masa ruwan da ya ɗauko wa wasu. Kwana huɗu ya yi a asibiti, aka yi masa salla a Harami.

A wurin ta'aziyya a Rusaifa, babbar 'yarsa ta yi mini magana ta bayan labule. Ta ce, "Yaya, kai ne na bakin ƙofa ko? Mun yi mun yi da shi ya nemi alfarma, ya ƙi. Ya ce in aka bar shi ya shiga wasu ma za su nema, kai za a sa a tsakiya, kuma zamanka bai yi ƙwari ba tukuna." Ashe duk wucewar nan da yake yi, ni yake karewa.

Da muka fito, mudir ya dafa ni, idonsa jawur. Ya ce daga ofis shi ba ya ganin tudu, ni ke gani. "Me ya hana ka faɗa mini? Mara lafiya ai kalma ɗaya ce, da na bar shi." Ban sani ba ko da gaske da ya bar shi, ko baƙin ciki ne ke magana. Abin da na sani, ban tambaya ba.

Motar ta yi mako a filin, ta ƙi tashi. Mudir ya ce a shigo da ita a gyara wa iyalinsa. Makanikai suka turo ta har saman tudu, ni na ɗaga sandar. Ta wuce ni a hankali, ba tari, ba kowa a ciki sai matashin jinginar matarsa a kujerar gaba. Nan na durƙusa na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ban yafe wa waccan doka ba, dokar da ta damu da tambarin mota ta manta da ƙafar mai ita. Amma nawa laifin na san shi. Baba ya yi shiru don ya kare ni, ni ma na yi shiru don in kare kaina. Tun daga ranar, in na ga ana wahalar da mutum a gabana, ina buɗe baki in yi magana ko da muryata na rawa. A ce mini a'a ya fi mini sauƙi a kan in sake jin an ce me ya hana ka faɗa. Allah Ya jiƙan Baba.