Tulun Yaya Ya Je Kano Ya Dawo

Mun tashi da asuba daga Zonkwa, ni da uwar zumuntar mata ta cocinmu, na ukunmu kuma tulu ne. Ba tulun ruwa ba, tulun kiɗa, mai baki a sama da 'yar ƙofa a gefe, wanda ake bugawa da tafin hannu idan mata suna waƙa a sujada. Mun naɗe shi da zannuwa uku, muka ƙara da tsohon bargo, na rungume shi kamar jinjiri.

Masu ta tambayata abin da ya kai ni Kano a tsakiyar zangon karatu, ina malamar makaranta, ga dalilin. Yayata Rifkatu ce mai buga tulun nan tun ina 'yar firamare. Wata biyar ke nan da likitoci suka gano tana da ciwon daji a nono. 'Yarta Talatu, wadda take koyarwa a Kano, ta ɗauke ta zuwa can, aka fara yi mata kemo, wato maganin da ake ƙarawa ta jijiya duk bayan sati uku. An yi uku, saura uku. Sai ga Talatu ta kira ni tana kuka.

"Anti, Mama ta ce ba za ta koma asibiti ba. Ranar Alhamis ne na huɗu, ta ce a ƙyale ta. Ko addu'a muke yi ba ta cewa amin."

Na ƙarshen nan ne ya fi tsinka mini zuciya, domin amin ɗin Yaya daga bakin titi ake jin sa. Matan zumunta suka zauna suka yi shawara. Tun ranar da ta tafi sun kife tulun a bayan benci, sun yi alkawari babu hannun da zai taɓa shi sai ta dawo. Suka ce a kai mata shi ta gani da idonta, ta san ana jiranta, ko za ta sami ƙarfin zuciya. Ni ma a lokacin na ga shawara ce mai kyau, har ni na fara miƙa hannu.

A tasha direba ya so ya cusa tulun a but ɗin mota ƙarƙashin buhunan citta. Uwar zumunta kallonsa kawai ta yi ta saman tabarau, ya bar maganar. Daga nan har Kano a kan cinyata yake. Damina ta ci hanya, duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga tulun sama, ni in sha jijjigar. Gonaki kuwa sun yi kore shar, masara ta fi tsayin mutum, mata suna tafe da itace a kafaɗa irin na wajenmu. Ban iya jin daɗin kallon ba, hankalina yana kan ranar Alhamis.

A wani shinge kafin Kujama, jami'in tsaro ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin bargon. Kafin in buɗe baki ya ƙwanƙwasa da yatsa, tulun ya amsa masa can ƙasa-ƙasa. Sai ya yi murmushi ya ce tsohuwarsa ma shi take bugawa a ƙauyensu, mu sauka lafiya. Da muka wuce na ce wa uwar zumunta alkawari dai ya karye. Ta ce wannan ba ya cikin lissafi, ta saman bargo ne, kuma mutumin ba ɗan zumunta ba ne.

Mun sauya mota a Kawo. Kuɗin mota ya tashi har na sake tambaya, na zaci ban ji daidai ba. A Zariya muka sayi gasasshiyar masara da gyaɗa dafaffiya, ni kuwa ci da hannu ɗaya nake yi. Daga Kwanar Dangora ƙasa ta baje, duwatsun gida suka ɓace, a Kura shinkafa ce iya ganinka. Bayan la'asar muka sauka Unguwa Uku ana yayyafi. Mai adaidaita sahun da ya ɗauke mu zuwa Darmanawa dattijo ne, ya ce bai daɗe da barin ƙauye ba. Da ya ji wurin mara lafiya za mu, kuma abin da na rungume na ƙasa ne, sai ya dinga kauce wa ramuka a hankali, na baya suna ta danna masa oda bai kula ba. Da zai tafi ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne." Muka ce amin.

Ba zan ɓoye muku ba, ban gane Yaya ba da farko. Macen da take ɗaukar buhun acca ba mai ɗora mata, ga ta a kan katifa da hular sanyi, babu gashi, babu gira, farata sun yi baƙi. Ta amsa gaisuwa, ta tambayi yara, ta tambayi gona.

Da muka huta, uwar zumunta ta kwance bargon da zannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye tulun a gabanta. Yaya ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗora tafin hannu a bakinsa ta buga sau ɗaya, sautin ya fito a mace. Maganin ya kashe mata yatsu, ta ce ji take kamar hannun wani aka ara mata. Uwar zumunta, don ta ƙarfafa ta, ta gaya mata cewa tun tafiyarta babu wadda ta taɓa shi, haka nan ake waƙa da caki da tafi, kowa yana jiran ranar da za ta dawo ta ba da shaida. Yaya ta juya ta fuskanci bango. Muka yi addu'ar yamma mu uku, ba mu ji amin ɗinta ba.

Washegari Laraba na shiga kasuwar Tarauni neman yakuwa da gauta, don in yi mata gwaten acca, tunda ƙamshin mai da soye-soye yana tayar mata da zuciya. Kasuwa ce mai tsari, amma damin yakuwar da a gida maƙwabciya za ta tsinko maka ta katanga, a nan sai da na yi ciniki. Mai kayan miya ya ji Hausata ya ce, "Hajiya, daga kudancin Kaduna ko?" Na ce a ina ya gani. Ya ce ai tun daga sallamar. Ya ƙara mini gauta biyu gyara.

Da na dafa, Yaya ta ci cokali huɗu, ta ture kwanon. Sannan ta yi maganar da har yau take yi mini yawo a kai.

"Uwar zumunta, wata biyar kuna yabon Allah ba tulu saboda ni?"

"Don ki san ba mu fid da rai ba, Rifkatu."

"Kun ɗora mini kaya ne. Duk wanda ya kira sai ya ce kin warke cikin sunan Yesu, muna jiranki. To, in ban warke ba fa? Na ba ku kunya ke nan, na ba Allah kunya? Ciwon yana cina, maganin yana cina, ga kuma coci guda a kaina tana jira. Tsoro nake ji. Tsoron mutuwa nake ji, ba wanda ya bari in faɗa. Da na fara sai a ce kada in yi furucin rashin bangaskiya. Ta yaya zan ce amin ga abin da zuciyata ba ta kai ba?"

Kunya ta rufe ni, domin ni ce kan gaba a wannan. Kullum da safe kafin in shiga aji sai na tura mata saƙo cewa ta riga ta warke. Ban taɓa tambayarta ko tana jin tsoro ba, saboda ni ma tsoron amsar nake ji.

Uwar zumunta mace ce da ba ta saba janye magana ba, duk wanda ya taɓa zama a mitin da ita ya sani. Amma ranar ta sauko daga kujera da ƙyar, da ciwon gwiwarta, ta durƙusa a gefen katifar ta ce, "Mun yi kuskure, ki gafarta mana." Ta kama hannun nan da ba ya ji, ta yi addu'ar da ban taɓa jin mai gajartarta daga bakinta ba.

"Ya Ubangiji, 'yarka tana jin tsoro, mu ma muna ji. Ba mu san ƙarshen wannan abu ba, kai ka sani. Muna roƙon warkarwa, amma ko mene ne ka shirya, kada ka bar ta ita kaɗai. A cikin sunan Yesu."

Muka ce amin, ni da Talatu. Yaya dai hawaye kawai take yi. Da ta share fuska ta ce za ta je asibiti gobe, amma da sharaɗi: tulun ya koma gida, kuma ranar Lahadi a buga shi. Uwar zumunta ta tambaya wa zai buga. Yaya ta nuna ni da haɓa.

Duk Zonkwa an san ko tafi ban iya yi daidai ba. A zumunta a layin baya ake ajiye ni, can inda ba zan ɓata wa kowa ba. Na fara kawo uzuri, ta ce to shi ke nan, ita ma ta fasa. Haka na zauna dirshan a kan tabarma, tulu tsakanin ƙafafuna, tana nuna mini bugun da ƙafarta, in na kuskure ta make ni da bayan hannu. Har maƙwabta suka leƙo ko lafiya. Yinin ranar na sha duka fiye da na ajin firamare, kuma ban taɓa murnar duka irin wannan ba.

Alhamis da sassafe dattijon nan mai adaidaita, da muka karɓi lambarsa, ya kai mu babban asibitin da ke wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Bakin ƙofa cike yake da masu waina da kunu da ruwan zafi a filas, ciki kuwa mutane ne daga Jigawa, Katsina, Bauci, kowa da tabarmarsa da ledar takardu. Aka ɗebi jininta, muka jira, aka ce za a iya yi. A ɗakin ƙarin ruwan, gadon kusa da nata wata Hajiya ce daga Ƙauyen Alu, carbi a hannun da ba allura. Tana ganin Yaya ta washe baki.

"Maman Talatu! Ashe kin zo. Wallahi tun wancan zuwan nake sa ki a addu'a."

Daga baya na gane cewa ita Yaya ta fara gaya wa ba za ta dawo ba, ita kuma ta fara gaya wa tana tsoro. Hajiyar ba ta yi mata wa'azi ba, cewa ta yi ita ma haka take ji. Abin ya yi mini zafi, ya kuma sa na gode wa Allah da ya ajiye ta a gadon nan. Ni da uwar zumunta muka koma waje ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, muka yi addu'a ba ɗaga murya har azahar ta wuce.

Juma'a ba ta yi daɗi ba. Amai, jiri, ko ruwa ba ya zama. Na riƙe mata roba, na goge mata baki, ban ce mata ta warke ba. Na ce mata ina nan. Asabar da safe muka sake naɗe tulun muka kama hanya, ta Zariya, ta Kawo, ta Kaciya, a kan cinyar nan dai da ta kai shi. Mun iso gida da yamma babu ko tsaguwa a jikinsa, ni ce dai bayana ya riƙe.

Ranar Lahadi uwar zumunta ta tsaya gaban mata ta faɗi abin da ya faru ba tare da ta rage komai ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi kuka. Na kira Talatu, na ajiye wayar a kan benci a buɗe, na zauna a mazaunin Yaya. Aka ɗauki waƙa, na bi yadda na iya, sau biyu ina ɓata sai matan su ɗaga murya su rufa mini asiri. Bayan waƙar fasto ya yi addu'a domin marasa lafiya, ya ambaci sunanta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa wani lokaci abin da muke kira bangaskiya tsoronmu ne muke ɗora wa mara lafiya ya ɗauka mana. Na koyi cewa wanda yake kwance yana da ikon ya ce yana jin tsoro, Allah kuma ba ya gudun wannan maganar, mu ne muke gudunta. Saura kemo biyu, likitoci ba su yi mana alkawarin komai ba. Ku ci gaba da sa ta a addu'a, ku sa da Hajiyar gadon kusa da nata.

Da aka tashi daga sujada na ɗauki wayar, ashe ba a kashe ba. Muryar Yaya ta fito a shaƙe, sai da na toshe ɗaya kunnen.

"Kin cika sauri. Hannun hagun nan naki kamar mai korar kaji."

Na ce na sani, Yaya, zan gyara.

Sannan ta ce, "Na ji addu'ar fasto. Ki gaya wa uwar zumunta na ce amin."